Kafin a saya wa amarya tanderu mai wanke kansa

A kayan ɗakin amare a Sakkwato an fara ganin tanderun lantarki mai wanke kansa, kuma abin gari ba ya daɗewa bai iso Boɗinga da Shagari ba, har Horo Birni. Ba na goyon bayan sayensa. Wankin da ake kira nasa ƙonewa ne: yana kai zafi kusan digiri 480, ya kulle ƙofarsa awa biyu zuwa huɗu har maiƙon da ya daskare ya zama toka. Idan maiƙon ya yi yawa yana iya kama wuta a ciki, hayaƙi mai guba ya cika kicin maras taga, a watan Afrilu da zafin garinmu ke wuce digiri 40. Zafin tanderun kan ƙona fiyus ko ya lalata allon madannai. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ƙofar na iya zama a kulle, kuma wanda ya ɓalle ta da ƙarfi ya karya makullin. Wanda ya riga ya saya, kafin ya kunna wankin ya goge maiƙon da tsumma tukuna, ya cire faranti, ya buɗe tagogi, ya fitar da yara daga kicin. Iyaye, ku tambayi mai gyara a kusa da ku kafin ku biya kuɗin.