Sharhinmu: Kafin a sayo inji, a horar da mai koyar da shi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Sau da yawa mukan ji ana ƙirga arzikin Nijeriya: man fetur, iskar gas, ma'adinai da ƙasar noma. Abin da akan mance shi ne, babu ɗayansu da ke haƙo kansa ko sarrafa kansa. Mutum ne ke yi, shi kuwa ba a haifarsa da gwaninta. Tarbiyya da karatu da horo ne ke ƙera shi. Koriya ta Kudu ta fito daga yaƙi a 1953 cikin baƙin talauci, ba ta da arzikin mai. Sai ta cika makarantun firamare da yara, ta bi su da makarantun sana'a. Ga motocinta da wayoyinta nan a kasuwanninmu yau.

Mu ma mun taɓa kama wannan hanya. A 1976 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1982 aka soma tsarin 6-3-3-4, da nufin duk yaron da ya gama ƙaramar sakandare ya fita da sana'a a hannu, ko kafinta, ko aikin ƙarfe, ko gyaran lantarki. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje, aka rarraba wa makarantu. Amma a da yawa daga cikinsu ba wutar lantarki, ba ɗakin koyon aiki, ba malamin da ya san kan injin. Haka wasu suka zauna cikin akwatunansu har tsatsa ta cinye su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ciwon bai warke ba. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. Ba mu ɗora laifin a kansu su kaɗai ba, domin tsarin da ya yaye su, ya ɗauke su aiki, shi ya fara faɗuwa. Wanda ba shi da abu, ta yaya zai bayar?

Don haka muna kira ga hukumomi da su fara daga malami: a zaɓe shi bisa cancanta, a horar da shi, a biya shi haƙƙinsa a kan lokaci. A kuma daina fifita takardar shaida a kan iya aiki.

Mu ma da namu nauyin. Makarantun da muke kafawa da guminmu su haɗa karatu da sana'a. Iyaye su bar 'ya'ya mata su yi nisa, domin ba za mu riƙa kukan rashin likitoci mata da ungozomomi ba, alhali mu ne muke cire su daga aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sa mu dace, amin.