Batir Ne Ya Ɗaure Ka, Ba Amana Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin kafintoci da masu haɗa sola da masu aikin alminiyam a birnin Sakkwato, tun daga Mabera har Runjin Sambo, wadda maigida kan gadar wa yaronsa ranar da zai yaye shi, tamkar wasiyya: "Yaro, in ka kama Makita, ka mutu a Makita." Wani Bosch zai ce, wani DeWalt, wanda aljihunsa bai kai ba ya ce Ingco ko Total, amma hukuncin ɗaya ne, wai mai sana'ar kirki ba ya sauya kamfani, wanda ya gauraya kayan aikinsa kuwa ba shi da alƙibla. Ni a ganina wannan taƙlidi ne da ba shi da nassi ba shi da ƙiyasi.

Mu da muka tashi a garin da mubaya'a take da tarihi, tun wadda jama'a suka yi wa Shehu Usmanu a Gudu a 1804, mun san cewa caffa alkawari ne mai fuska biyu, wanda aka yi wa ita yana da haƙƙi a wuyansa kamar yadda mai yin ta yake da shi. To, wane haƙƙi kamfanin da ke Japan ko Jamus ko Amurka ya ɗaukar wa kafintan da ke huda katako a gefen titi, wanda ba a ba shi takardar lamuni ba ranar da ya saya, wanda kuma in injinsa ya ƙone ba shi da ofishin da zai kai kuka? A 2011 DeWalt ya sauya fasalin batirinsa, har tsohon inji ya daina karɓar sabon batir sai da mahaɗi. Makita ma, bayan tsarinsa mai bolt 18 da ya fito a 2005, ya kawo wani mai bolt 40 wanda ba ya shiga injinan farko. Su ba su ji kunyar sauyawa ba, sai mu.

Haƙiƙanin al'amarin a cikin batir yake. Tun da Black & Decker ya fitar da injin huda marar igiya a 1961, masu ƙira suka gane cewa wanda ya mallaki bakin batir ya mallaki mai saye, saboda haka kowa ya yanka nasa bakin yadda na wani ba zai shiga ba, alhali in ka kwance kwanson, abin da za ka tarar ƙwayoyi ne biyar ko goma, galibi ƙirar Samsung ko LG ko Panasonic, waɗanda ba ruwansu da launin robar da aka lulluɓe su da ita. Kai, har "bolt 20" da ake rubutawa da manyan baƙaƙe bolt 18 ne, an dai auna shi ne lokacin da ya cika da caji. Wanda ya sayi batir biyu da caja, ya ga kuɗin da ya zuba, ba zai iya juyawa ba. Sai ya kira larurarsa amana, don ta fi daɗin faɗi.

Ba na musun cewa batir ɗaya da zai tayar da injin huda da na yanka da na goge ƙarfe sauƙi ne, musamman a garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙon da bai yi sallama ba. Sai dai wannan lissafi ne na kuɗi, kuma lissafi yakan sauya, ya kuwa sauya tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,000 cikin 'yan watanni. Ga kuma zafin bazara, wanda a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, batir kuwa ba abin da ke tsufar da shi kamar a bar shi a kan kwano da tsakar rana, ko sunan wa aka buga a jikinsa. Balle kuma jabu, da ya cika kasuwa har mai rantsuwa da suna bai san ko abin da ke hannunsa ya taɓa ganin masana'antar da yake kare mutuncinta ba.

Maƙeran Assada ba su taɓa tambayar sunan wanda ya ƙera masaba ba. Sukan buga ta ne su ji amonta. Tambayar da ta kamaci mai saye a yau ita ce, wa zai gyara mini wannan in ya tsaya, kuma ana samun kayan cikinsa a nan ko sai an aika Kano? In mai gyara zai iya kwance batirin ya zuba sababbin ƙwayoyi, in akwai mahaɗin da zai sa batirin wannan ya tayar da injin wancan, to, sai a gauraya ja da rawaya da shuɗi a cikin akwati ɗaya, yaro ya ɗauka a tafi wajen aiki.