Kafin a sayar da san turke saboda kwamfuta

Makon jiya yayata ta zo gidana bayan la'asar. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce, "Malam, ɗan nan naka ya hana ni barci." Yaron shekararsa 15, bana zai zauna jarrabawar BEPC. Ya ga bidiyon mutanen da ake ƙerawa da kwamfuta, abin da ake kira zanen 3D, masu ƙifta ido da tafiya kamar suna da rai, shi ma ya ce sai ya koya. Wani mai sayar da kwamfuta a kasuwa ya rubuta masa lissafin injin da zai iya aikin, ya haura jaka 600 na sefa. Ita kuwa abin da ta mallaka sa ne guda a turke, sai ɗan kuɗin asusu. Tambayarta ita ce: ta sayar da san, ko ta ce masa ya bar shirme? Na ce mata, "Yaya, ko ɗaya kada ki yi." Dalilan da na ba ta su nake son in faɗa wa iyaye da ƴan'uwana malamai, don na san ba ita kaɗai ke cikin wannan hali ba.

Aikin hawa-hawa ne. Da farko a ƙera siffar mutum, kamar yadda mai ginin tukunya ke murza yumɓu. Sai a ba shi launin fata da gashi da tufafi, a sa masa ƙasusuwa a ciki don gaɓoɓi su lanƙwasa, a dasa fitilu da kyamara. A ƙarshe ne kwamfuta ke wanke hoton, wato ta lissafa yadda haske ke sauka a kan kowane ɗigo. Hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan 2. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mai cin kuɗi, domin katin hoto na cikin kwamfuta ne ke ɗaukar nauyinsa.

Ba zan ɓoye tsadar ba. Katin RTX 3060 na kamfanin Nvidia, wanda matsakaici ne, ya fito a 2021 a kan dalar Amurka 329, kusan jaka 200 kafin sufuri da kuɗin duwan. Babban yayansa RTX 4090 ya fito a 2022 a kan dalar Amurka 1.599, kusan miliyan guda na sefa. Kati kaɗai ke nan, ba a zo ga sauran injin ba. Na farkon yana shan wuta wat 170, na biyun 450, kuma wutar nan zafi take komawa. Ku tuna ɗakin kwano a watan Afrilu, ku tuna ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ga kuma lokaci: fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, minti guda hoto 1.440 ke nan. In kowane hoto ya ci minti 5, injin zai yi awa 120 yana aiki, kwana 5 cur. A garuruwanmu wa zai yi rantsuwa ba za a ɗauke wuta ba cikin kwana 5? Don haka sai an ƙara na'urar riƙe wuta ko hasken rana da batir, ga kuɗin intanet na sauke darussa.

To amma abin da mai sayarwa bai faɗa wa yaron ba shi ne, matakai huɗun farko ba sa bukatar wannan kati, kuma a can koyon yake. Manhajar Blender kyauta ce tun 2002, lokacin da masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro 100.000 da ƴan kai aka fanshe ta don kowa ya samu. Ana iya juya ta zuwa Faransanci, kuma tsofaffin fitowarta suna nan ga mai tsohuwar kwamfuta. Darasin da ya fi shahara ga masu farawa, na wani ɗan Ostareliya mai suna Andrew Price, ba mutum ake ƙerawa ba, wani ɗan soyayyen burodi ne mai rami a tsakiya. Da hujja aka fara da shi. Fuskar ɗan Adam ita ce mafi wuya, domin idonmu ya san ta tun muna goye, kuskure kaɗan sai mu ga abin kamar gawa. Yaron da bai taɓa zama ya zana hannun kakarsa da fensir ba, katin miliyan ba zai koya masa inda gwiwar hannu take ba. Zai dai fito masa da kuskurensa da sauri.

Akwai gajeriyar hanya da ke jan yara. Manhajar Daz Studio ita ma kyauta ce, tana zuwa da mutane ƙerarru, kai dai ka tsayar da su ka danna. Sai dai gashi da tufafi da sababbin fuskoki yawanci saye ake da dalar Amurka, kuma in kayan sun fi ƙarfin ma'ajiyar katin, aikin sai ya koma tafiyar hawainiya. Sannan da wuya ka samu babbar riga mai aska, ko rawani, ko kitson ƴan matanmu a wannan kasuwa. Wanda ke son ƙera mutanen Maraɗi ko Damagaram dole ya iya ƙira da hannunsa.

Mu ƴan Nijar ba baƙi ba ne a wannan fage. Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tahoua ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka. A 1966 ya yi "Bon Voyage Sim", labarin shugaban ƙasar kwaɗi, da zanen hannu, babu kwamfuta ko guda. A zamanin nan ma, fim ɗin "Flow" na Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya, da Blender aka yi shi, ya kuma ci kyautar Oscar a 2025, ya kayar da manyan kamfanonin Amurka. Abin da ya haɗa mutanen biyu shi ne ido mai lura da haƙurin shekaru.

Ban ce inji ba shi da rana ba. Wanda ya yi nisa zai kai inda tsohuwar kwamfuta za ta tsaye masa, kuma a nan ɗan talaka ke cutuwa. Amma maganin wannan ba kowane gida ya sayar da dabba ba ne. Ana iya yin aiki a ƙaramin inji, a ɗauko shi a kile, a wanke a babba. Inji mai ƙarfi guda a makaranta ko gidan matasa zai ishi yara da yawa in an tsara layi. Ƙungiyoyin iyayen yara su duba wannan. Malaman lissafi kuma su sani, layukan x da y da z da ɗalibaina masu koyon malanta ke tsoro a allo, su ne yaron nan ke juyawa da linzamin kwamfuta yana murna.

Da yayata mun tsaya a kan haka: san yana nan a turkensa. Na ba yaron tsohuwar kwamfutata ta hannu da littafin zane. Sai bayan BEPC zai fara, kuma ba da mutum ba. Tulu zai ƙera, sannan buta, sannan kujerar tsakar gida, yana zana fuska guda da fensir kowace rana. In bayan wata 6 yana nan bai gaji ba, mu sake zama. In ya watsar, mun yi asarar littafi da fensir. Da za ta tafi ta ce, "Ashe tulu ma ana koyonsa a kwamfuta?" Na ce, "Yaya, da shi ake farawa." Allah ya shirya mana zuri'a.