Zakaran Ƙarfe Mai Nuna Iska

Tsakanin 1935 da 1942, gwamnatin Amurka ta ɗauki masu zane da suka rasa aiki, ta sa su zana kayan aikin hannu na mutanen ƙasar da fentin ruwa. Sun yi zane sama da 18,000. A cikinsu akwai na zakarun ƙarfe da akan kafa bisa rufin majami'a ko rumbu, su riƙa juyawa suna nuna inda iska ke fitowa.

Wani ɗalibi in ya ga irin wannan zane sai ya yi dariya, wai wutsiyar ta yi girma, ƙafafun kuma kamar sanduna. Mu dai ba mu yarda ba, gama ba kowane aiki ake aunawa da hoto ba. Da gangan maƙerin ya faɗaɗa wutsiya, domin iska ta tura ta, kan zakaran ya fuskanci iskar. Bai ɓata lokaci kan gashin fukafukai ba, tun da daga ƙasa siffa kaɗai ake hangowa. Mai zanen kuwa bai gyara masa kome ba, har tsatsa ya zana.

A kan majami'a, zakaran nan yakan tuna wa Kirista daren da Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku.