Rufin Asiri da Ciwon da Ke Ƙarƙashinsa

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar mota a Kano ko Zariya ya san ɗan daudu, mai tuyar kaza da dafa shinkafa, gwanin rangwaɗa da habaici. Tun da daɗewa al'ummarmu ta ba shi gefen tabarma: a ci abincinsa, a yi dariyar zancensa, amma ba mai so a ce ɗan gidansu ne. Ba kowane ɗan daudu ke neman maza ba, akwai kuma masu neman mazan da ba su taɓa ɗaura zane ba. Sharaɗin zamansu cikin jama'a dai ɗaya ne, watau su yi shiru su bi abin da aka saba.

Hukuncin addini a kan wannan al'amari sananne ne, fagen malamai ne kuwa. Abin da nake so mu duba shi ne wanda nauyin wannan shiru yake faɗa wa.

Da farko akwai aure. Rudolf Gaudio, wanda ya yi nazarin 'yan daudun Kano ya fitar da littafi a 2009, ya nuna cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Wani da son ransa ya yi, wani kuwa iyaye ne suka matsa, suna zaton aure magani ne. To, yarinyar da aka kai irin wannan gida, wa ya tambaye ta? Ita za ta yi shekaru tana zargin kanta a kan laifin da ba nata ba.

Sa'an nan akwai lafiyar jiki. A Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a 2015, ya gano cewa masu tsoron zuwa asibiti cikin irin waɗannan maza sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari bayan dokar. Mai ƙanjamau da ya guji likita kuwa, gida zai kai cutar, ta kama matarsa, wataƙila har da jaririnta.

Bugu da ƙari, masanin nan Ilan Meyer ya bayyana a 2003 cewa ɓoyo da fargabar tonon asiri su kansu suna haddasa ciwon damuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ina roƙon iyaye su daina mai da 'yar wani magani, likita ya riƙe amanar duk wanda ya zo gabansa, mu kuma ɗaliban Hausa, da muke ta rubutu a kan kunya da kara da mutunci, mu lura da waɗanda muke hana wa su. Rufin asirin da ke kai mutum kabari da ciwonsa a ɓoye bai cancanci wannan suna ba.