Darasin Ocaliva ga Masu Binciken Cutar Hanta

Ruwan matsarmama, wanda mahauci ke kaffa-kaffa kada ya fashe masa a kan nama, shi ne yanzu ya ɗauke hankalin masu binciken cututtukan hanta. A da ana ganin aikinsa narkar da maiƙo kawai. A 1999 aka gano cewa sinadaran da ke cikinsa suna aika wa hanta saƙo ta wata kafa mai suna FXR, domin ta rage yawan wanda take yi.

Inda wannan ilimi ya fi tasiri shi ne cutar PBC, wadda garkuwar jiki ke juyawa ta lalata ƙananan hanyoyin da ruwan ke bi cikin hanta, ya taru yana cin ta. Kusan tara cikin goma na masu fama da ita mata ne, kuma kukansu gajiya ce da ƙaiƙayi mai hana barci.

Tsohon maganinta, UDCA, wanda aka fara samu a matsarmamar dabbar beyar, ya sami amincewar hukumar FDA ta Amurka a 1997. Amma wajen kashi 40 cikin 100 na masu cutar ba ya yi musu yadda ake so. Shi ya sa aka yi ta murna a 2016 da Ocaliva ya fito, mai aiki ta kafar FXR. An amince da shi cikin gaggawa saboda ya gyara sakamakon gwajin jini. Sai ga shi yana ƙara wa wasu ƙaiƙayi, kuma binciken da ya biyo baya ya kasa tabbatar da cewa yana rage mutuwa ko buƙatar dashen hanta. Tarayyar Turai ta soke izininsa a 2024, a 2025 kamfanin da ke yin sa ya janye shi daga kasuwar Amurka.

Abin damuwar shi ne Iqirvo da Livdelzi, sababbin da aka amince da su a 2024, su ma ta ƙofar gwajin jinin suka shigo. Livdelzi dai ya nuna yana rage ƙaiƙayi, kuma wannan abin a yaba ne.

Ga kuma bezafibrate, tsohon maganin kitsen jini mai araha, da wani bincike a Faransa ya nuna a 2018 yana taimakawa idan an haɗa shi da UDCA. Babu kamfanin da zai ci riba mai tsoka da shi, don haka babban gwajin da ya cancanta sai gwamnatoci da jami'o'i sun ɗauki nauyinsa. Kamfanin Gilead kuwa dala biliyan 4.3 ya biya ya sayi kamfanin da ya haɓaka Livdelzi.