Jabun bamba mun yafe, jabun birki ba mu yafe ba

Jama'ar Madawa, Buza da Keita,

Ba mu ƙi kayan Sin ba. Hilux ɗin da ke ɗaukar albasa da mutane ranar kasuwa, in bambarta ta tsage ko ƙofarta ta lotse, a sa mata na kwaikwayo, ba laifi. Ƙarfen bai kai na Toyota kauri ba, wani lokaci sai bakanike ya buga da guduma kafin ramukan kusa su dace, amma ba ya kashe kowa. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kayan Kwatano suka yi tsada, wa zai zargi direba da neman sauƙi?

Faɗanmu da ku ne, Alhazai masu shagunan piyas, da kuke zuba jabun takalmin birki cikin kwali mai tambarin kamfani, ku ce orijinal, ku karɓi kuɗin orijinal. Wallahi wannan ha'inci ne. Kun san tuddan Adar. Mota ta yi lodi, ta kama gangara tsakanin Buza da Keita, takalmin ya yi zafi ya daina kamawa; mutum ashirin ne a bayanta, har da goyo. Haka kan sitiyari, haka tayar da ta kwana biyu a sito.

Ku ware mana kaya gida uku: na kamfani, na hannu daga Ƙofar Ruwa a Kano, da na kwaikwayo, kowanne da farashinsa. Shugabannin tasha kuma, ku riƙa leƙa ƙarƙashin mota kafin a fara lodi.